Delmer Aho Bai Taɓa Kawo Mace Ba

Delmer Aho bai taɓa kawo mace ba. Beyar nake nufi. A shekara talatin da ɗaya da ya yi yana kai baƙi farautar baƙin beyar a gaɓar tsibirinmu, nan kudu maso gabashin Alaska, an harbe guda ɗari biyu da goma sha huɗu da izininsa, kuma dukkansu maza ne. Ɗari da sittin da takwas daga ciki ni na auna su da hannuna. Sauran na same su a takardun matar da na gada a wannan aiki, kuma rubutunta yana karantuwa sarai.

Ofishina ɗaki ɗaya ne a ƙofar zangon Tollef, inda masu tanti da masu motocin kwana suke sauka daga Afrilu zuwa Satumba. Duk wanda ya harbi beyar, dole ya kawo fata da ƙoƙon kai a sa musu hatimi. Nakan auna tsawon ƙoƙon da faɗinsa in haɗa, in cire ƙaramin haƙori ɗaya in sa a ambulan don a gano shekarun dabbar, in juya fatar in ga namiji ne ko mace. Daga nan maharbi ya sa hannu a ƙasan fom, jagoransa ya sa a layin da ke ƙarƙashin nasa. Tun 1994 nake wannan aiki.

Doka ba ta hana harbin mace ba. Harbin mace mai 'ya'ya ne ta hana. Wahalar ita ce, a watan Mayu uwa takan kora 'ya'yanta su hau bishiya, ita kuma ta fito bakin teku tana cin ciyawa ita kaɗai kamar ba ta da kowa. Wanda ya harbe ta ya kashe uku, sai dai biyun sukan ɗauki kwanaki kafin su mutu. Delmer ya raba gardama, ya hana mace gaba ɗaya, mai 'ya'ya da maras 'ya'ya. Mutane sun ce akwai labari a bayan wannan doka tasa. Na tambaye shi sau ɗaya. Ya ce akwai, ya ci gaba da cin abincinsa.

An haife shi a 1947 a gidan katako da ke kan ruwa, irin wanda ake ɗaura wa igiya a ja shi daga wannan lungun teku zuwa wancan duk lokacin da masu saran itace suka ƙara gaba. Ubansa ɗan asalin Finland ne, mai kayar da bishiya, uwarsa kuma ita ke dafa wa ma'aikata abinci. Karatunsa ta gidan waya ya yi shi, ya tsaya a aji takwas. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya shiga aikin ɗaure gungume da igiyar ƙarfe, kuma igiyar ta karɓi yatsu biyu na hannunsa na dama kafin ya cika ashirin da biyar. Da aikin katako ya fara mutuwa sai ya sayi ƙaramin jirgin ruwa mai inji, ya yanki lasisin jagora a 1987. Matarsa Ardith ta rasu a 2009. 'Yarsu ɗaya tana birnin Spokane, tana bugo waya ranar Lahadi, yana ce mata komai lafiya.

Yakan fita da baƙo idan ruwan teku ya fara janyewa, lokacin da beyar suke saukowa suna juya duwatsu suna neman ƙaguwa. Ya ɗaure jirgi, ya zaunar da mutum a bayan wani gungume, ya ɗaga madubin hangen nesa, ya yi shiru. Namiji faɗin kai gare shi, kunnuwansa ƙanana kamar an manna su a gefe, ƙafafunsa na gaba kauri ɗaya ne daga sama har ƙasa, kuma yana tafiya kamar gaɓar ta ubansa ce. Mace kuwa takan ci loma biyu ta waiga daji. Delmer yakan gane wannan cikin minti ɗaya. Amma ba ya cewa a harba sai dabbar ta yi fitsari, domin na namiji gaba yake zuba, na mace baya.

Wani baƙo daga Ohio ya taɓa ce masa, "Dattijo, jirgin sama uku na hau kafin in iso nan. Kallon fitsari na zo yi?"

"Shi ka zo yi," in ji Delmer. "Ba a faɗa maka ba ne kawai."

Sun yi awa ɗaya da minti goma suna jira. Namiji ne, ƙoƙon kansa inci goma sha tara da rabi. Yana cikin fayil ɗin 1998.

Zangonmu kashi biyu ne, ko da yake ba wanda ya ja layi. Maharba suna sauka ta arewa, kusa da inda ake tura jirage cikin ruwa. Masu zuwa kallon dabbobi suna kudu, kusa da wani tudu da ke fuskantar fadamar tsallaken ruwa. Can suke jera kujeru masu naɗewa da madubai masu ƙafa uku tun da safe. Famfo ɗaya ne, a tsakiya, kuma a nan ake gaisawa a taƙaice. Beyar ɗin da waɗannan suke kallo da safe su ne waɗancan suke nema da yamma.

Shugabar tudun, ba tare da an zaɓe ta ba, ita ce Noreen Pruitt, tsohuwar malamar kimiyya daga Oregon, wadda take zuwa duk Mayu tun 2005. Tana da littafi mai baƙin bango inda take rubuta kowane beyar da ta gani, da lokaci, da inda ruwa ya kai, da alamar jikinsa. Na taɓa duba littafin, ban ga abin gyarawa ba. Ta raɗa musu sunaye. Akwai Lauya mai farin tabo a ƙirji, akwai Kunne Ɗaya, akwai Uwar Biyu. Ita da Delmer sun yi shekara takwas suna haɗuwa a famfo.

"Sannu, Mahauci," takan ce.

"Sannu, Hedimasta. Yau wa ya makara?"

"Wanda ka harbe shekaranjiya. Har yanzu bai shigo aji ba."

Iyakar hirarsu ke nan har 2013.

A Mayun wannan shekara sa hannun Delmer ya sauka daga kan layi. Da ma a tsakiyar layi yake zama, D babba, sauran kamar waya mai ƙaya. Ran tara ga wata ya sa shi ƙasa da layin da rabin inci. Ran sha bakwai ya sa shi a kan na maharbin, sai da muka cika sabon fom. Ya ce alƙalamina ne. Na ba shi wani. Ya kuma fara kallon mutum a karkace. Kana yi masa magana, fuskarsa tana kan kafaɗarka ko kan taga. Da na koma kan takardun shekarar daga baya sai na ga wani abin. Da yakan zaga lungu bakwai ko takwas, har can arewacin tsibiri, amma a wannan shekara duk beyar ɗinsa daga fadama ɗaya suka fito, wadda ake hange daga tudun masu kallo.

A cikin watan ne aka fara ganinsa a tudun da safe, da kofinsa a hannu. Ina wurin wata safiya, na je liƙa sanarwa a kan kashe wuta kafin a bar tanti. Noreen tana kan madubinta, ba ta ɗago ba.

"Me ya kawo ka, Mahauci? Leƙen asiri?"

"Gahawa. An ce taki ba ta hana barci. Ba ta hana komai ma."

Ta zuba masa. Ya zauna a kujerar wani da ya zaga bayi, ya juya fuskarsa wajen teku, gefe kaɗan da inda kowa yake kallo.

"Wancan na bakin rafi, ai Lauyanku ne," ya ce.

"Uwar Biyu ce. Kai da ake cewa ba ka kuskure."

"Gwada ki nake yi."

"Lauya yana can wajen baƙin dutse. Kullum can yake idan ruwa ya kai rabi. Ga farin tabon nan, ko makaho ya gani."

Delmer ya kurɓi gahawa. Noreen ta ɗago daga madubin ta dube shi, ta ɗan jima tana dubansa, sannan ta koma. Daga nan sai ta shiga faɗin abin da take rubutawa da ƙarfi, abin da ban taɓa jin ta yi ba. "Takwas da kwata. Uwar Biyu, bakin rafi, 'ya'ya a kan bishiya ta uku daga hagu. Wata sabuwar mace, siririya, gashin bayanta ya goge, ta fito daga kudu. Ban ga 'ya'ya ba, amma tana waige." Sauran masu kallo suka ɗauka tsufa ne ya fara kama ta.

Bayan kwana uku aka kawo mini Lauya, inci ashirin da kwata. Noreen ta yi kwana biyu ba ta hau tudu ba. A rana ta uku ta koma, ta ci gaba da karatu da ƙarfi. Shekaru bayan haka na tambaye ta dalili.

"In na yi shiru, wata rana zai sa a harbi uwa," ta ce. "In kuma na ce kowa mace ce, littafina ya zama na ƙarya. Sai na zaɓi wanda zan iya."

A fadama ma Delmer ya sauya salo. Ya daina riƙe madubi, ya koma miƙa wa baƙo. "Ni na gani tuni," yakan ce. "Kai nake so ka gani. Faɗa mini, me ke ƙirjinsa? Kunnuwan fa, a sama suke ko a gefe? Sau nawa ya waiga daji?" Baƙo ya faɗa, Delmer ya haɗa da abin da ya ji a tudu da safe, ya san ko wane ne. Sannan a jira fitsari, baƙo ya faɗi inda ya zuba. Baƙi suka ji daɗin wannan ƙwarai. Wani har ya aiko da wasiƙa yana cewa bai taɓa samun jagora mai koyarwa irin wannan ba. Beyar ɗin da Delmer yake kawowa suka ragu daga bakwai ko takwas a shekara zuwa uku ko huɗu. Duk maza.

Ni abin da na yi shi ne na fara ɗora rula a kan fom, daidai ƙarƙashin layinsa, in danne ta da yatsa, alƙalaminsa ya sauko ya tokare ta ya tsaya. Ba mu taɓa maganar rular ba. Sau ɗaya kawai, a 2015, da maharbin ya fita ɗauko fata a mota, na ce masa akwai likitan ido a Ketchikan.

"Na je," ya ce. "Tsakiyar ce ta tafi. Gefe yana nan."

"Ana gyarawa?"

"Ana ba ka takarda ka je gida ka karanta."

"To me ya sa ba ka bari ba?"

"In bari in yi me, Akawu? In zauna in jira Lahadi? Ranar da ban tabbata ba, ba za a harba ba. Wannan dai ka rubuta ka ajiye."

Ya kamata in faɗa wa wani? Na duba. Fom ɗin yana tambayar jinsin beyar da girman kansa da inda ya faɗi. Ba ya tambayar idon jagora. Na san wannan ba amsa ba ce, amma da ita na yi amfani.

A Mayun 2017 Royce Vavra ya zo, mai haƙar rijiyar burtsatse daga Nebraska, mutum ɗan shekara hamsin da huɗu, mai faɗin kafaɗa da ƙarar murya, ba mugu ba. Ya ce shekara goma sha biyu yana shirin wannan tafiya. Kwana shida gare shi, aka yi huɗu ana ruwan sama ba tsayawa. A rana ta biyar Uwar Biyu kawai suka gani. Ta shida ita ce ta ƙarshe, domin jirgin fito zai tashi washegari da hantsi.

Abin da ya faru a fadama ranar na ji shi daga bakin kowannensu daban, kuma labaran sun dace, in ban da tsawon lokaci. Royce ya ce awa biyu, Delmer ya ce minti arba'in.

Wajen ƙarfe huɗu na yamma, ruwa ya juyo ya fara dawowa, sai wani beyar ya fito daga daji ta ƙarshen arewa, inda ba su saba fitowa ba. Royce ne ke riƙe da madubi.

"Baba, ga shi nan. Wannan ai ba beyar ba ne, mota ce."

"Bi a hankali. Me ke ƙirjinsa?"

"Ba komai. Baƙi ƙirin."

"Kunne fa?"

"Duka biyu suna nan."

"Ba ƙirga su na ce ka yi ba. A sama suke ko a gefe?"

"A gefe. Ko sama-sama haka. A gefe dai."

Babu wannan beyar a abin da Noreen ta karanta da safe, ko jiya, ko a shekara huɗun da suka wuce. Delmer ya karkata kai, ya samu wani baƙin abu yana motsi a gefen idonsa, wanda zai iya zama beyar, zai iya zama saniya.

"Ƙafafun gaba?"

"Kamar turmi."

"Ya waiga daji?"

"Sau ɗaya. Ba waige ba ne sosai. Wuya ya juya."

Delmer ya ce mini a nan ya gane inda gizon yake saƙa. Shekara huɗu yana aron idon mutane, amma bai taɓa aron idon wanda awa biyu ta rage masa ba. Mutumin da yake son ya harba, komai ƙato ne a wurinsa, waige kuma juya wuya ne. Ba ƙarya yake yi ba. Haka yake gani.

"Mu jira fitsari," ya ce.

Suka jira. Beyar ya juya duwatsu, ya ci ciyawa, bai yi fitsari ba. Ruwa ya cinye rabin fadama, ya zo ya taɓa gungumen da suke bayansa. Dabbar ta fara komawa wajen daji a hankali. Royce ya ajiye madubi, ya ɗora bindiga a kan gungumen.

"Baba, taku ɗari da ashirin ne. Zai shige. Ka ce wani abu."

"Mace ce," in ji Delmer.

"Wace irin mace?"

"Babba. Sauke bindigar."

"Haba dattijo. Dubi kan nan fa."

"Na duba. Sauke."

Royce ya sauke. Wannan ina so a rubuta masa shi, domin ba kowa ne zai sauke ba. Beyar ya shige daji. Suka koma jirgi cikin ruwa har gwiwa, suka nufi zango.

Daga tudu an ga komai. Wata mata cikin masu kallo, mai doguwar kyamara, ta ɗauki hoto sittin da huɗu. A na hamsin da ɗaya, beyar ya tsaya a bakin daji, bayan wani dutse da ya kare shi daga maharban, yana fitsari. Gaba yake zuba. Matar ba ta san ko wane ne Royce ba. Ta same shi a famfo yana wanke takalmi, ta nuna masa hoton kamar yadda ta nuna wa kowa, ya roƙe ta ta tura masa a waya, ta tura.

Washegari bakwai da rabi na buɗe ofis. Bakwai da minti talatin da biyar Royce ya shigo, Delmer yana bayansa. Noreen ta biyo su ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce itacen wuta ta zo tambaya.

"Akawu, kai ne hukuma a nan?" in ji Royce.

"Ni mai hatimi ne."

"To zama shaida." Ya juya wajen Delmer. "An ce mini ba ka taɓa kuskure ba. Shi ya sa na tsallake jagora biyar na zo wurinka. Riƙe. Dubi wannan da kyau, ka sake ce mini mace ce."

Delmer ya karɓi wayar da hannunsa na dama, mai yatsu uku. Wajen gyara riƙo babban yatsansa ya goga fuskar wayar, hoton beyar ya zame gefe, wani ya shigo. Ina tsaye a bayan kanta ina gani. Wata mata ce mai jiki, sanye da baƙar rigar sanyi, tsaye a ƙofar coci cikin dusar ƙanƙara, tana murmushi.

Delmer ya ɗaga wayar, ya karkata kai, ya daɗe yana dubawa.

"To," ya ce. "Yanzu da na gan shi kusa, namiji ne. Dubi wuyan nan. Wannan zai kai inci ashirin da ɗaya."

Noreen ta ɗaga kai tana kallon silin. Royce ya miƙa hannu ya karɓi wayarsa, ya dubi hoton, ya dubi Delmer, ya bi inda idon Delmer yake kallo, ya ga kalandar bango ce.

"Matata ce," ya ce. "Marlys."

"Ka gaishe ta," in ji Delmer.

Royce ya zauna a bencin da nake ajiye fatu. Na so in gaya masa bai bushe ba, amma na ga ba lokacinsa ba ne.

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu."

"Jiya ba ka ga komai ba ke nan."

"Na ga wani baƙin abu."

"Kuma kai ka tuƙa jirgin. Da ni a ciki."

"Duwatsun ba su tashi daga inda suke ba tun ina yaro."

"To me ya hana ka ce ba ka gani ba? Me ya sa ka ce mace ce?"

"In na ce ban gani ba, za ka ce kai ka gani, ka harba. Mace ce kaɗai take sauke bindiga."

Royce ya juya maganar a ransa. "Da na harba," ya ce. "Kuma da na yi daidai."

"Jiya," in ji Delmer. "Jiya da ka yi daidai."

Royce ya tambaye ni ko akwai fom na kai ƙarar jagora. Na ce akwai, na ciro masa, shafi biyu ne. Ya karanta na farko, ya juya ya leƙa na biyu, ya ninke shi huɗu ya sa a aljihu. Fom ɗin bai dawo ta hannuna ba, kuma da na bincika a ƙarshen shekara, bai je ko'ina ba. A bakin ƙofa Royce ya tsaya ya waiwayo.

"Maganar wuya dai ba ka yi ƙarya ba. Amma kada ta fita daga ɗakin nan."

Daga baya na rubuta masa na nemi izini kafin in sa wannan a takarda. Ya amsa cewa Marlys ta riga ta ji, yanzu ma ita ce take ba da labarin a coci.

Da ƙarar motarsa ta yi nisa, Delmer ya ciro walat, ya lalubo lasisinsa ya ajiye a kan kanta.

"Ina ake mayar da wannan?"

"Ba a mayarwa. Kawai ba ka sabuntawa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Shekara talatin da ɗaya, ko fom babu?"

"Babu."

Ya tsaya kamar mai jiran in sake dubawa. Na sake dubawa, babu. Baƙi biyu suka rage masa a wannan bazara. Ya faɗa mini lambobinsu da ka, na danna, ya yi magana da kowannensu a tsaye, ya ce idonsa ya tafi, ya haɗa su da wani jagora a garin Craig. Kowace waya ba ta kai minti uku ba. Wannan ne karo na farko da na ji ya faɗi maganar a fili. Ta uku, wadda ya buga wa 'yarsa, ta fi tsawo, don haka na fita na share gaban ofis.

Da na dawo Noreen tana nan, ta manta da itacen wuta.

"Na jiya ba ya cikin littafinki, Hedimasta," in ji Delmer.

"Yanzu yana ciki."

"Da wane suna?"

"Marlys."

Delmer ya gyaɗa kai, ya sa hula, ya ciro makullin motarsa. Noreen ta miƙa masa tafin hannu, ta riƙe shi a gefe, inda zai gani.

"Ramukan hanya ba kamar duwatsun teku ba ne," ta ce. "Suna tashi. Yaran mutane ma haka."

Ya riƙe makullin ya fi minti ɗaya kafin ya sa mata a hannu. Gidansa mil tara ne daga zango, hanyar tsakuwa. Ita ta kai shi ranar, kuma ita take ɗauko shi da safe duk Mayu tun daga lokacin, ta mayar da shi da yamma. Sauran watanni wani maƙwabcinsa ne yake kai shi kanti ranar Alhamis. Na taɓa bin su sau ɗaya da motata ta lalace. Tun daga ƙofar zango yake cewa tana tuƙi kamar wadda aka aika ƙirga ramuka, ba ta bar ko ɗaya ba. Ta ce yaya aka yi ya sani, tunda ba ya gani. Ya ce ba da ido ake sanin wannan ba.